Batirin Motar da Ta Daina Fita

Litinin, da safe

Motar tana gareji. Malama, matata, ta ɗauki makullin ta jefa a jakarta ta tafi makaranta da shi, kamar yadda take ƙwace reza a hannun 'yan ajinta. Na tsaya a bakin ƙofa har ta sha kwana.

Auta ce ta ba ni wannan littafin, ragowar na makarantarta. Ta ce, "Baba, ka riƙa rubutu, zaman zai yi maka sauƙi." Tun kafin a haife ta nake koya wa mutane tuƙi, ban taɓa rubuta abin da ya wuce sunan ɗalibi da ranar zuwansa ba.

Na kira ɗalibaina ɗaya bayan ɗaya na ce mota tana wajen gyara. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Fitilar hagu ta fashe, gefen kuma ya lotsa.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

An ce mai keken burodin da motata ta buge yana samun sauƙi. Ƙafa ce kawai. Maƙwabcina ne ya ce "kawai", ba ni ba.

Alhamis, da rana

Ban yi komai ba.

Asabar, da hantsi

Na roƙi Malama ta ba ni makullin in ɗan ɗuma injin. Ta ba ni, amma ta biyo ni garejin ta tsaya a gaban ƙofar da kwandon wanki a kwankwasonta, wai hanya ce ta biyo da ita. Na murɗa. Motar ta yi ƙas-ƙas sau biyu ta yi shiru. Na sake murɗawa, fitilun gaban sitiyari suka yi dishi-dishi suka mutu.

Motar da ba ta taɓa ƙin tashi mini ba ko da safiyar sanyi.

Na kira Dogo, mai gyaran lantarkin mota, wanda ya daɗe yana duba mini ita. Ya zo da na'urarsa ya ɗora a kan batir, ya girgiza kai.

"Malam, ba mutuwa ya yi ba, yunwa ce. Mota in tana tsaye batir ba ya barci. Agogo na ci, rediyo na ci, shi kansa yana zubewa a hankali. Ka bar shi haka wata biyu, sai dai ka sayi sabo. Yaushe za ta koma titi?"

Na ce, "Nan ba da daɗewa ba."

Malama ta ɗauki kwandonta ta koma ciki.

Dogo ya dube ni, ya dubi fitilar da ta fashe, bai tambaya ba. Ya ce zai kawo mini wani ɗan abu.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Ya kawo. 'Yar caja ce baƙa, ba ta fi sandar sabulu girma ba, da waya ɗaya ta bango da wayoyi biyu masu bakin matsewa, ja da baƙi. Na zaci wani babban akwati zai shigo da shi irin na shagonsa mai gurnani. Na ce wannan ce za ta tashi mota? Ya ce ba tashin mota ne aikinta ba.

"Ka san ƙarin ruwa na asibiti? To shi ne. Ɗigo-ɗigo take ba shi. Ba ta gaggawa, ba ta ƙona shi. In ya ƙoshi ta rage hannu da kanta. Mai araha ce, amma in ka kula da ita za ta kula da kai."

Ya kankare farin garin da ya taru a kan kawunan batirin da ɗan buroshin ƙarfe, ya buɗe murafen ya duba ruwan, ya ƙara kaɗan a rami biyu. Sannan ya nuna mini. Ja a kan mai alamar tarawa. Baƙi a kan ƙarfen jikin mota, nesa kaɗan da batirin. Sai an gama matsewa sannan a sa a soket, ba kafin nan ba. In za a cire, a fara da soket. A bar tagar gareji a buɗe don iska. Fitilar cajar in ta yi ja yana ci, in ta yi kore ya ƙoshi. Lokaci-lokaci in ɗora tafin hannu a gefen batirin, in ya yi zafi in cire in kira shi.

Ya sa na maimaita a gabansa. Ni da nake sa mutane maimaitawa.

Da ya tafi na jawo kujerar roba na zauna. Ja.

Litinin, da safe

Ja.

Litinin, da yamma

Har yanzu ja. An ɗauke wuta da rana, an dawo da ita. Malama ta leƙo ta ce shayina ya huce.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Kore. Na kira Auta ta zo ta gani. Ta ce, "Baba, tun da na fito wanka yake kore, ta gefensa ka wuce sau biyu." Na ce hankalina na wani wuri ne.

Ta tsaya tana kallona irin kallon uwarta.

Alhamis, bayan mun dawo

Malama ta ɗauki izini a makaranta muka je wajen likitan ido. Ita ta nace. Motar haya muka shiga, direban yana taka birki kamar yana kashe kyankyaso, giya kuma sai ta yi kuka kafin ya sauya. Na daure ban yi magana ba har muka sauka.

Sun sa na ɗora haɓata a bakin wani farin abu mai kama da kwano, aka rufe mini ido ɗaya, aka ba ni maɓalli a hannu. Ma'aikaciyar ta ce in kalli tsakiya, duk sanda na ga ɗigon haske ya ƙyafta a ko'ina in danna. Na zauna ina jira. Na danna, na danna. Sai kuma aka daɗe babu komai. Na ce mata ko na'urar ta tsaya ne. Ta ce, "A'a Baba, tana aiki. Ci gaba."

Likitan yaro ne, sa'an babban ɗana. Ya tambaya ko a danginmu akwai wanda idonsa ya ba shi matsala da ya manyanta. Na tuna mahaifina da yadda yake juya kai gaba ɗaya in zai dubi mai shigowa. Mu muna cewa tsufa ne.

Ya ba ni maganin ɗigawa, safe da yamma. Ya ce in dawo a sake gwaji kafin ya faɗi komai. Game da mota, Malama ce ta tambaya, ba ni ba. Ya ce, "Mu dakata tukuna."

Tukuna ya ce. Na riƙe wannan.

Juma'a, da yamma

Maganin yana da zafi. Batir kore ne. Na taɓa gefensa, sanyi ƙalau.

Lahadi, da rana

Na je duba mai keken. Malama ta ce in bari sai ta raka ni, na ce wannan tafiyata ce. Auta dai ta bi ni har ƙofar gidan ta jira a waje.

Ɗaki ɗaya ne, shi da matarsa da jaririya. Yana kwance a katifa, ƙafar a cikin farin siminti an ɗora ta a kan matashi. Keken yana jingine a tsakar gida, tayar gaba ta lanƙwashe, akwatin burodin a gefe babu murfi. Na kai abin da na kai. Matar ta karɓa ta yi godiya ba ta ɗago kai ba.

Shi kuwa ya yi ta ba ni haƙuri, kamar shi ya buge ni. Ya ce tsautsayi ne. Ya ce ya san ni, kullum yana ganin motata da allon koyo a kanta, har yana cewa in ya tara abin hannu zai zo in koya masa.

Sai da na miƙe zan tafi ya ce, "Abin da ya ɗaure mini kai, Baba, na ɗaga maka hannu. Fuskarka tana wajena. Na ɗauka ka gan ni, shi ya sa na shigo."

Na ce Allah ya ƙara sauƙi.

A hanya Auta ta yi ta ba ni labarin wata malamarsu. Ban ji ko ɗaya ba.

Litinin, da safe

Fuskarka tana wajena.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Babban ɗana ya zo daga wajen aikinsa. Ya ci abinci, ya yi wasa da Auta, sannan ya same ni a gareji ina goge gilashin gaba. Ya daɗe yana kewaya motar yana buga tayoyi da ƙafa.

"Baba, mota in ta daɗe a tsaye lalacewa take yi."

Na nuna masa cajar. Na ce ga mai gadinta nan.

"Ba batir kaɗai ba ne. Tayoyi za su zauna, birki zai kama. Akwai wani abokina da ke neman irinta. In aka cire birkin gefen malami, aka gyara fitilar..."

Na ce wa ya ce maka ta sayarwa ce.

"Ba wanda ya ce. Shawara ce."

Na ce a cikin wannan motar na koya maka tuƙi, kana kuka kana cewa kuloci ya fi ƙarfinka. Ya yi dariya, amma ba ta kai ido ba. Ya ce, "Na tuna, Baba." Ya dafa bonet ɗin ya fita.

Na ji su da uwarsa a kicin suna magana ƙasa-ƙasa. Da na shigo suka koma zancen tsadar gas.

Alhamis, da hantsi

Wata ɗaliba ta kira, wadda ta kusa gamawa, saura mata ajiye mota da baya. Ta ce ko motar ta dawo daga gyara. Na ba ta lambar wani malamin da na sani a can gefen kasuwa. Yana da faɗa, amma ya iya aiki.

Ta ce, "Malam, ni kai nake so ka ƙarasa mini." Na ce kada ta ɓata lokacinta.

Asabar, da yamma

Ban so rubuta wannan ba.

Da safe na cire cajar don in goge ƙurar da ke kan injin. Da na gama na zo mayarwa. Garejin ba haske sosai, gari ya yi hadari. Na riƙe bakunan biyu a hannu, na dube su, na ɗauki wanda na tabbata baƙi ne na matse a ƙarfen mota, na kai ɗayan kan batir. Kuma ban cire soket ba tun farko, abin da Dogo ya faɗa ya sake faɗa. Tartsatsi ya tashi, wani ƙauri ya biyo baya. 'Yar fitilar ta mutu, ba ja ba kore.

Malama ta shigo da gudu da ludayi a hannu. Ta kama hannayena tana juya su tana neman ƙuna. Babu komai. Ta dubi wayoyin, ta dube ni. Da ta yi faɗa da ya fi mini. Ta zare soket ɗin, ta cire bakunan, ta naɗe wayar a hankali ta ajiye a kan kantar gareji.

Ta ce, "Zo ka ci abinci, Malam."

Ban ci ba.

Lahadi

Babu wuta a gareji. Ban shiga ba.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Ashe Malama ta biya ta shagon Dogo da cajar a jakarta. Ya zo da ita da kansa. Ya ce fiyus ne kawai ya ƙone, shi ma don haka aka sa shi, ya mutu a madadin sauran. Batirin bai ji komai ba.

Ya ce kowa na yin wannan kuskuren, shi ma ya taɓa yi. Ƙarya yake, amma na gode masa.

Sai ya ciro salatif ya naɗe hannun jan bakin da shi har ya yi kauri. Ya kama yatsana ya ɗora a kan kawunan batirin ɗaya bayan ɗaya. "Ji nan, Malam. Na tarawa ya fi kauri. Ko a duhu. Mai kauri da mai kauri." Bai ce don me yake nuna mini haka ba. Ni ma ban tambaya ba. Ban san abin da Malama ta gaya masa ba.

Tana tsaye a bayanmu tana kallo. Da ya gama ta ce, "Nuna mini ni ma." Ta matse ja, ta matse baƙi, ta sa a soket. Dogo ya ce ta ci jarrabawa. Ta ce ita ke ba da maki, ba a ba ta.

Na yi dariya. Na daɗe ban ji ta a bakina ba.

Laraba, da safe

Kore, in ji Auta. Na juya kai na duba da kyau. Kore ne.

Gobe asibiti.

Alhamis

Mun je. Mun dawo.

Juma'a, da rana

Bai ce tukuna ba wannan karon.

Ya ce maganin yana aiki, abin da ya rage na ganina za a iya riƙe shi in na kiyaye. Abin da ya tafi kuwa ya tafi. Ya juya mini takardar gwajin ya nuna mini da bakin biro, zagaye biyu, kowanne da baƙi a gefe kamar an zuba tawada. Na hagu ya fi. Ya yi maganarsa da ladabi. Ya ce in ci gaba da harkokina, in yi karatu, in yi tafiya, in kula da matakala. Abu ɗaya ne kawai zan bari.

Na ce masa abu ɗayan shi ne aikina.

Ya dubi Malama.

Asabar, da yamma

Malama ta ajiye makullin a kan tebur kusa da maganina. Ba ta ƙara saka shi a jaka ba. Ya kwana a nan ya wuni. Ban taɓa shi ba.

Litinin, da hantsi

Na zauna a cikin motar, a mazaunin direba, ƙofa a buɗe. Kujerar ta lotsa daidai jikina. Rufin sitiyarin ya goge a inda hannayen mutane suka yi ta kamawa, masu gumi da masu rawa. Akwai wadda ta taɓa sakin sitiyari ta rufe fuska don ta ga babbar mota. Akwai dattijon da ya zo koyo bayan ya yi ritaya, ya ce ba ya so ya mutu bai taɓa kai matarsa kasuwa da kansa ba. Duk suna kan titi yanzu.

Na kira babban ɗana na ce ya turo abokin nasa ya duba. Ya ce, "Ka tabbata, Baba?" Na ce ya turo shi kafin in sake tunani.

Talata

Ban cire cajar ba. Ko mai saye ya cancanci batir mai rai.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Abokin ya zo da bakanikensa. Na ba su makullin. Murɗawa ɗaya ta tashi, ko tari ba ta yi ba. Bakaniken ya ce motar da ta daɗe a tsaye haka? Na nuna masa 'yar cajar. Ya ɗaga ta yana juyawa yana mamakin ƙanƙantarta.

Suka shiga zancen cire birkin gefen malami da sauke allon koyo. Ni ina jinsu. Malama ta kawo musu ruwa, ta tsaya har suka sha, sannan ta ce, "Ku yi haƙuri da wahalar da kuka sha. Ba za a sayar ba."

Na ce, Malama.

Ba ta dube ni ba. Ta karɓi makullin daga hannun bakaniken, ta raka su har ƙofa.

Da ta dawo na ce me ke nan kika yi, kin kunyata yaro a gaban abokinsa. Ta zauna a kujerar robar tana juya makullin a hannu.

"Tun ina amarya nake ce maka ka koya mini. Kullum sai ka ce in an yi hutu. Ka koya wa matan gari duka. Hutu nawa aka yi?"

Na ce yanzu kuma da wane idon.

"Da nawa. Kai ka kawo sauran."

Na ce ba wasa ba ne, mota ce. Na ce akwai mutum kwance da siminti a ƙafa. Wannan ne karo na farko da na faɗe shi a gidan nan da bakina.

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa ba za ka ƙara riƙe sitiyari ba. Amma wa zai riƙa kai ka asibiti duk wata? Direban da ke kashe kyankyaso?"

Ashe ta lura.

Juma'a

Ba ta sake tambaya ba. Ta sayo takalmi marar tsini.

Lahadi, da rana

Dogo ne ya tuƙa mu zuwa filin ƙwallon makarantar su Malama da sassafe. Ba kowa sai mai gadi. Ya sauka ya zauna a inuwar aji tare da Auta. Ya ce in sun ga mun nufi katanga za su yi mana addu'a.

Na zauna a gefen malami, ƙafata a kan birkina. Malama ta ja kujera gaba har gwiwarta ta kusa taɓa sitiyari. Na ce ta gyara madubi, ta gaya mini abin da take gani a kowanne. Ta faɗa. Na ce kullum haka za ta riƙa yi, da baki, in ji.

Ta kashe motar sau huɗu kafin ta motsa. Kowane karo batirin ya tashe ta ba gardama. A na biyar ta saki kuloci kamar yadda na ce, a hankali, har motar ta ɗaga hanci ta fara tafiya. Ina jin awarwaronta yana kaɗawa. Ta yi ta cewa, "Tana tafiya, Malam, tana tafiya," kamar wani ne ke tura ta.

Hasken filin ya yi mini yawa, maganin safe kuma bai gama sakina ba. Gefen hagu ba na ganin komai, daman na sani. Na gaji da ƙoƙarin gani. Na jingina da kujera na saurari injin. Na ji yana hawa, yana neman sauyi, ita ba ta sani ba.

Na ce, "Taka kuloci."

Ta ce, "Malam, idonka a rufe yake."

Na ce, "Na sani. Ke ki buɗe naki. Sa giya ta biyu."

Ta sa. Ta yi ƙara kaɗan, amma ta shiga.